Sadaukar da Sarauniya a Darar Ces: Ina Jarumtar, Ina Lissafin?

Duk wanda ya zauna koyon darar ces, kafin ya iya komai sai an karanta masa farashin 'ya'yan da ke kan allo. Dakare maki ɗaya ne. Doki uku. Giwa, wato mai tafiya a karkace, ita ma uku. Hasumiya mai tafiya a miƙe biyar. Sarauniya tara. Sarki ba a yi masa farashi, tunda in an ritsa shi wasa ya ƙare. Daga nan sai a ja wa ɗalibi kunne cewa kada ya kuskura ya bar sarauniyarsa a bakin kura, domin wanda ya rasa ta a banza gara ya miƙa hannu ya tashi.

Amma in ka duba wasannin da aka fi yayatawa shekara ɗari da saba'in da suka wuce zuwa yau, yawancinsu waɗanda aka jefar da sarauniyar ne da gangan. Masu sharhi kan kira wannan jarumta. Ni a nawa ganin, mafi yawan waɗannan shahararrun sadaukarwa lissafi ne tsantsa, babu kasadar ko anini a cikinsu, kuma inda jarumtar gaske take ba nan aka fi haska fitila ba.

Sarauniyar ma ba tun fil azal take da wannan daraja ba. A shaɗaranjin da Larabawa suka gada daga Farisawa, wanda gwanaye irin su Al-Adli da As-Suli suka yi suna da shi a Bagadaza a ƙarni na 9 da na 10, wanda ke tsaye kusa da sarki waziri ne mai rauni, taku ɗaya kacal yake yi a karkace. Ba wanda zai yi alfahari da sadaukar da shi. Hasumiya ce babba a wancan zamani, shi ya sa sananniyar matsalar nan ta Dilaram ta ginu a kan ba da hasumiyoyi biyu don a kashe sarki. Irin wannan tsohon wasa ne ya gangaro har Borno, inda aka san shi da tsatsarandi. Sai wajen 1475, a yankin Balansiya ta ƙasar Sifen, aka sauya dokar: aka haɗa wa sarauniya tafiyar hasumiya da ta giwa, ta zama mai ratsa allo daga wannan gefe zuwa wancan a motsi ɗaya. Ba a daɗe ba aka gano cewa wani lokaci mutuwarta ta fi rayuwarta amfani. Littafin Lucena da aka buga a Salamanka a 1497 yana ɗauke da dabarar da har yau ake koya wa yara: a ajiye sarauniya gab da sarkin abokin hamayya a lungu, a tilasta wa hasumiyarsa ta ci, hasumiyar ta toshe wa sarkinta hanya ta ƙarshe, doki guda ya zo ya gama aiki. A wajen 1750 kuma wani gwani mai suna Legal ya nuna a Faris yadda ake barin sarauniya a ci tun wasa bai yi nisa ba, a kashe sarki a motsi na bakwai da dawaki biyu da giwa.

Wasan da ya zama tambarin wannan salo an buga shi a Landan ranar 21 ga Yuni, 1851, tsakanin Adolf Anderssen, malamin lissafi daga Breslau, da Lionel Kieseritzky, wanda ke koyar da ces a Faris. Ba ma a cikin gasa aka yi shi ba. Wasan hira ne a gefen gasar ƙasa da ƙasa ta farko, wadda Anderssen ɗin ya lashe. Ya fara ba da giwa a motsi na 11. Ya bar hasumiyoyinsa biyu aka kwashe. A motsi na 22 ya ajiye sarauniya a bakin doki, aka ci, a na 23 ya kashe sarki da giwa ɗaya da dawaki biyu. Duk abin da ya ci wa Kieseritzky dakaru uku ne. A 1855 Ernst Falkbeer ya laƙaba masa sunan wasan da ba ya mutuwa, sunan kuwa ya bi shi.

To, a bar kallon abin da aka kwashe gefe, a dubi allon kansa a lokacin da aka gama. Hasumiyoyin Kieseritzky biyu suna nan inda aka jera su tun farko, ba su motsa ko sau ɗaya ba. Giwarsa ɗaya haka nan. Sarauniyarsa, wadda ta cinye motsi 8 cikin 22 da ya yi tana kai-komo, tana can lungun a1 ta ƙoshi da ganima, dakare guda ya tare mata hanyar komawa gida. Ɗayar giwar tana g1, ita ma ta tafi cin hasumiya. A takarda baƙi, wato Kieseritzky, ya fi fari dukiya nesa ba kusa ba. A unguwar da sarki yake kuwa, fari ke da mayaƙa uku, baƙi ba shi da mai tsaro ko ɗaya da ke aiki. Wannan shi ne sirrin kusan duk wasannin wancan zamani, kuma ba a bakin sarauniya ya fara ba. Lokacin da Anderssen ya ba da ita, ya riga ya ga mutuwar sarki a motsi na gaba. Kasadar tana baya, a motsi na 18, inda ya bar hasumiyoyin, kuma nan ne masu nazari tun daga Wilhelm Steinitz suka nuna cewa da Kieseritzky ya rage kwaɗayi ya dawo da sarauniyarsa tsaro, da labarin ya sha bamban.

Shekara ta gaba a Barlin, Anderssen ya sake yi wa Jean Dufresne irin ta: sarauniya ta faɗa kan dakaren d7 a motsi na 21, giwaye biyu da hasumiya suka kashe sarki a na 24, alhali shi ma sarkinsa saura motsi ɗaya a kashe shi. Wannan ya fi na Landan tsabta, ko da yake bai kai shi suna ba.

Wanda ya fara fahimtar dalilin da ya sa irin wannan hari ke cin nasara, ba don sa'a ko ƙarfin hali ba, shi ne Paul Morphy ɗan New Orleans ta Amurka. A 1858, a wani gidan wasan opera a Faris, ya buga da wasu masu sarauta biyu da suka haɗa kai, Duke Karl na Brunswick da Count Isouard. Kowa na tuna motsi na 16, inda ya ba da sarauniya a b8, da na 17, inda hasumiya ta kashe sarki. Ni motsi na 8 ya fi burge ni. A nan akwai dakare a b7 da zai iya ci a ɓagas, ya ƙi, ya fito da dokinsa fagen fama. Kowane motsi nasa sai ya ƙara mayaƙi ɗaya a fili, kowane motsi nasu kuwa na kare kai ne. Da aka gama, abin da ya rage wa Morphy banda dakaru hasumiya ɗaya ce da giwa ɗaya. Su kuwa suna da sarauniya da doki da giwa da hasumiya, biyun ƙarshe ba su taɓa barin gidajensu ba. A ƙarshen wannan shekara Morphy ya kara da Anderssen kansa a Faris, ya ci 7, aka ci shi 2, aka yi canjaras 2. Ba a fafe gora ranar tafiya: Morphy yakan gama shiri kafin ya kai hari, Anderssen kuwa sau da yawa yakan kai harin ne ya ga abin da hali zai yi.

Dole a faɗi gaskiya game da abokan hamayyar wancan zamani. Tsaro bai bunƙasa ba, kuma ana ganin ƙin karɓar abin da aka miƙo maka kamar ragwanta ne. Wilhelm Steinitz ne ya rushe wannan al'ada. Shi ma da salon hari ya taso, da shi ya doke Anderssen 8 da 6 a Landan a 1866. Daga gasar Biyana ta 1873 ya juya, ya riƙa koyar da cewa hari haƙƙi ne na wanda ya riga ya tara fifiko, wanda kuwa ya kai hari ba tare da fifiko ba, tsaro mai kyau zai mayar da shi gida hannu rabbana. Yakan karɓi sadaukarwa, ya daure wa matsi, ya mayar da wani ɓangare na ganimar in ta kama, ya ci wasan da ragowar. Da wannan ya zama zakaran duniya na farko a hukumance a 1886, bayan ya doke Johannes Zukertort. Daga nan duk mai son jefar da sarauniya sai ya tabbata lissafinsa ya cika.

Rudolf Spielmann ɗan Ostiriya, wanda shi kansa mai kai hari ne na ƙin ƙarawa, ya raba abin gida biyu a littafinsa na 1935 kan fasahar sadaukarwa. Akwai ta jeka-na-yi-ka, inda mai bayarwa ya riga ya ƙirga har zuwa mutuwar sarki ko dawowar dukiyarsa da riba. Akwai ta haƙiƙa, inda ba ya iya ganin ƙarshe, sai dai ya dogara da hukuncinsa cewa matsayin da zai samu ya kai abin da ya bayar. Ta farko ciniki ne hannu da hannu, ka miƙa ka karɓa. Ta biyu bashi ne ba jingina ba shaida.

In aka ɗora shahararrun wasanni a wannan ma'auni, abin mamaki ne yawan waɗanda ke faɗawa gida na farko. A Landan a 1912 Edward Lasker ya ci dakaren h7 da sarauniya a motsi na 11, ya kora sarkin George Thomas daga gidansa har g1, wato ƙofar gidan fari, ya kashe shi a motsi na 18. Abin sha'awa ne, amma kowane motsi barazana ce ga sarki, Thomas kusan ba shi da zaɓi. A wannan shekara dai a Breslau, Frank Marshall ya ajiye sarauniyarsa a g3, inda Stepan Levitsky zai iya cin ta ta hanya uku. Biyu na kai wa ga mutuwar sarki nan take, ta uku na barin Marshall da rarar mayaƙi guda. Levitsky ya miƙa wuya. Marshall ya riƙa ba da labarin cewa 'yan kallo sun watsa tsabar zinariya a kan allo, amma wasan ya riga ya zama nasa tun kafin wannan motsi. Haka Magnus Carlsen ya rufe karawarsa ta kambun duniya da Sergey Karjakin a Niyok ranar 30 ga Nuwamba, 2016: sarauniya a h6 a motsi na 50, in sarki ya ci hasumiya ta kashe, in dakare ya ci ɗayar hasumiyar ta kashe. Ba na rage wa waɗannan kyau. Idon da ke ganin motsin da kowa ya ɗauka haramun ne, ido ne na musamman. Amma duk wanda ya gan shi, ba ya bukatar zuciya kafin ya buga.

Ko wasan Bobby Fischer da Donald Byrne na 1956 a Niyok, wanda Hans Kmoch ya kira wasan ƙarni, yana kusa da wannan gida. Yaro ɗan shekara 13 ya bar sarauniyarsa a ci a motsi na 17, gaskiya ne. Da ƙura ta lafa kuwa, ya karɓi hasumiya da giwaye biyu da dakare a madadinta. A farashin da ake koya wa ɗalibai ma, 12 ne a kan 9.

Na haƙiƙar sun fi wuyar samu, kuma ba kullum suke ƙarewa da daɗi ba. A gasar Zurik ta 1953, Alexander Kotov ya ci dakaren h3 da sarauniya a motsi na 30, ya jawo sarkin Yuri Averbakh zuwa f5, tsakiyar dakarun baƙi, ba tare da ya ƙirga mutuwar har ƙarshe ba. Agogo na cinsa, sai ya yi ta maimaita barazana da doki har ya kai motsi na 40, inda ake ɗage wasa a wancan zamani, ya samu damar nazari a natse, ya ci a motsi na 51. A Amsadam a 1956 David Bronstein ya ba Boris Spassky sarauniya tun a buɗin wasa, ya karɓi giwaye biyu da dakaru biyu. Babu wani sarki da ke cikin haɗari a lokacin. Bronstein ya sha kashi a wasan, amma dabarar ba ta mutu ba, an ci gaba da buga ta shekaru da dama.

Wanda na fi so a wannan babi shi ne na Rashid Nezhmetdinov, Batatare daga Kazan, gwani a ces da kuma wasan dara na Rasha, wanda ya lashe gasar Jamhuriyar Rasha sau 5 amma bai taɓa samun babban muƙamin gwanaye na duniya ba. A Rostov a 1962 ya zauna da Oleg Chernikov. A motsi na 11 Chernikov ya kai wa sarauniyarsa hari da giwa, a wani matsayi da aka sani yana kai wa ga maimaita motsi a tashi canjaras. Nezhmetdinov ya daɗe yana kallon allo, sannan ya ci giwar da sarauniya. Abin da ya samu giwa ce da doki, 6 a kan 9. Babu barazana ga sarki, babu ganimar da za ta dawo nan kusa. Motsinsa na gaba ma na natsuwa ne, mayar da doki wurin aiki.

Abin da ya gani shi ne giwar da ya ci ita ce kaɗai mai tsaron baƙaƙen gidajen da ke kewaye da sarkin Chernikov. Da ta tafi, dakaren f6 ya zama abin hari na dindindin, gidan d5 ya zama mazaunin doki da ba mai saurin korarsa, giwar fari ta hau doguwar hanya tana kallon sarki. Sarauniyar Chernikov tana da ƙarfi, amma ba ta da abin ci, domin duk mayaƙan fari suna tsare da juna. Wannan rauni ne da ba a cika faɗa wa masu koyo ba. Sarauniya mayaƙi ɗaya ce tak. Ba ta iya cin abin da ke da mai tsaro, ko dakare ne, domin farashinta ya yi yawa. In mayaƙa biyu suka taru a kan gida ɗaya, ita murya ɗaya gare ta a wurin. Ƙarfinta na bayyana ne inda akwai sarki a fili da dakaru a warwatse, ta riƙa kai hari wuri biyu a lokaci guda. Inda babu waɗannan, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Chernikov ya miƙa wuya a motsi na 33.

Saboda haka gwanaye ba sa ɗaukar jadawalin farashi a matsayin hukunci. Hasumiyoyi biyu kan fi sarauniya in sarkinsu na cikin aminci kuma sun haɗa kai, su kan gaza mata in sarkin a buɗe yake. Ƙananan mayaƙa uku, da lissafi ya ce daidai suke da ita, sau da yawa su ke rinjaye a tsakiyar wasa. Tigran Petrosian, zakaran duniya daga 1963 zuwa 1969, ya yi suna da ba da hasumiya ya karɓi doki ko giwa, ba don hari ba ma, don ya toshe hanya kawai. A 1999 Larry Kaufman ya bi ɗimbin wasannin gwanaye da kwamfuta, ya fito da cewa doki da giwa sun fi kusa da 3.25, sarauniya 9.75, kuma mallakar giwaye biyu tare na ƙara rabin dakare. Gyara ne mai amfani, amma shi ma matsakaici ne na dubban wasanni. Bai san ko hasumiyarka na lungu tana barci ba.

Akwai kuma ɓangaren da babu jadawalin da ke aunawa, wato mutumin da ke zaune a ɗaya gefen. Mikhail Tal ɗan Riga ya gina sarautarsa a kan wannan. Sadaukarwarsa da yawa an gano daga baya cewa akwai amsarsu, amma amsar na ɓoye a cikin rassa masu yawa, agogo kuwa na tafiya. Mai hari in ya yi kuskure yakan rasa fifiko, mai tsaro in ya yi kuskure ɗaya sarkinsa ya mutu. Da haka ya doke Mikhail Botvinnik da maki 12.5 da 8.5 a 1960 yana ɗan shekara 23. Botvinnik ya koma ya yi nazari, ya zaɓi matsayai rufaffu da musayar sarauniyoyi da wuri, ya karɓe kambunsa a 1961 da 13 da 8. Waɗannan karawa biyu sun nuna iyakar salon daga ɓangarorin biyu. Wasu na ganin cin wasa da motsin da ba shi da inganci wani nau'in yaudara ne. Ban yarda ba. Ces tsakanin mutane biyu ake buga ta, a cikin ƙayyadadden lokaci, kuma jefa abokin hamayya cikin matsalar da ba zai iya warwarewa ba kafin agogonsa ya ƙare gwaninta ce halastacciya.

Da kwamfuta ta yi ƙarfi, musamman bayan Deep Blue ta doke Garry Kasparov a 1997, an zaci ta zo binne wannan babi ne. Ta kuwa tona asirin tsofaffin wasanni da dama, ta nuna tsaron da aka rasa gani. Amma a Disambar 2017 aka fito da wasannin AlphaZero, manhajar da ta koya wa kanta ces ba tare da an ba ta jadawalin farashi ba, sai ga ta tana zubar da dakaru da mayaƙa don ta ɗaure na abokin hamayya a lungu, ba tare da wata mutuwar sarki a kusa ba. Abin da Morphy ya yi a aikace, Nezhmetdinov ya yi da zuciya, na'ura ta zo ta gaskata shi: mayaƙin da ba ya aiki kusan daidai yake da wanda aka cire daga allo.

Ga mai koyo, shawarata ita ce ya haddace sadaukarwar jeka-na-yi-ka kamar yadda ake haddace jadawalin sau, domin siffofinsu kaɗan ne kuma suna maimaituwa. Amma in ya ɗauki wasan Anderssen ko na Morphy, kada ya yi saurin zuwa motsin ƙarshe. Ya tsaya motsi goma kafin nan, ya ƙirga mayaƙa nawa kowane ɓangare ke da su kusa da sarki, ya ga nawa ne ke zaune a gida. In kuma wata rana hannunsa ya kai kan sarauniya yana son jefa ta, ya yi wannan ƙirgar a kan nasa allon kafin ya saki.